Faranti, Kwalba ko Tangaran: Wace Kafasita Ta Dace da Madaidaicin Eriya a Sakkwato?

Mai rediyon sha'awa, wato mai watsa saƙo da rediyo don sha'awa kawai, da ya karɓi lasisi daga hukuma, ya samu lambar kira mai farawa da 5N, matsalar da zai fara karo da ita a Sakkwato ita ce fili. Eriyar rabin zango, wato mai rabin tsawon igiyar rediyon, a zangon mita 40 tana cin waya mai tsawon kusan mita 20, a mita 80 kuwa sai mita 40. Gidaje nawa ne a Mabera ko Gawon Nama ke da wannan sarari, balle cikin tsohon gari? Don haka mafi yawanmu waya ɗaya muke ja daga kan soro zuwa dogon yaro, mu ce ta yi mana aiki a kowane zango. Abin da ke sulhunta wannan waya da rediyon da aka ƙera don turjiyar om 50 shi ne madaidaicin eriya, akwatin da babu komai a cikinsa sai kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, da kafasita, wato faranti masu fuskantar juna da ke riƙe wuta.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, wat nawa akwatin yake ɗauka? Wannan kamar a tambayi buhun albasa nawa a-kori-kura za ta ɗauka ne ba a faɗi ko kwalta za ta bi ko yashi ba. Kafasita ba ta san wat ba. Abu biyu ta sani: boltejin da ya hau tsakanin farantanta, da kwararar wutar da ke ratsa ta. Su kuma waɗannan, eriyarka da zangon da kake aiki ne ke yanke su.

Bari mu ɗauki wat 100, tunda shi ne ƙarfin yawancin rediyoyin da ake samu, irin su IC-7300 ko FT-891. A kan om 50, matsakaicin bolteji 71 ne, ƙololuwarsa 100. Ƙololuwar ce ke haddasa tartsatsi, ita za ka riƙa dubawa. To ka ciyar da wayar rabin zango daga bakinta, inda turjiyar kan kai om 2,500: wat 100 ɗin nan dai ya zama bolt 500, ƙololuwa 707. Idan ka ɗora amfilifaya ka kai wat 400, ƙololuwa ta haura 1,400. A wat 1,000 ta wuce 2,200. Ka lura bolteji ba ya ninkuwa sai ƙarfi ya ninka sau huɗu.

Mutane da yawa daga nan suke tsayawa, su ɗauka eriya mai turjiya da yawa ita ce abin tsoro. A madaidaicin da ya fi yawa a kasuwa, mai tsarin T, gajeriyar eriya mai ƙaramar turjiya ta fi ta haɗari nesa.

Tsarin T kafasita biyu ne a jere, ɗaya ta ɓangaren rediyo, ɗaya ta ɓangaren eriya, da kwayil a tsakiya ya sauka ƙasa. Duk wutar da za ta je eriya dole ta ratsa kafasitar fita. Turjiyar kafasita kuwa tana ƙaruwa idan kafasitar ƙarama ce, tana kuma ƙaruwa idan an sauko ƙananan megahaz. Da pikofarad ake auna girman kafasita. Mai pikofarad 250, wadda ita ce aka saba gani a ƙananan akwatuna, turjiyarta om 91 ce a megahaz 7 (mita 40), om 182 a megahaz 3.5 (mita 80), om 348 a megahaz 1.83 (mita 160). Yanzu ka ce eriyarka om 10 take nunawa. Wat 100 a kan om 10 amfiya 3.16 ne. Ninka da 182, ka samu bolt 575, ƙololuwa sama da 800 a mita 80. A mita 160 ƙololuwar ta kai kusan 1,550. Da wat 100 kacal, kuma kafasitar a rufe take gaba ɗaya, wato a mafi yawan pikofarad ɗinta. Idan ka buɗe ta rabi, lissafin ya ninka. Gajeriyar waya ta gaske ma tana zuwa da tata turjiyar mai halin kafasita, wadda ke haɗuwa da waccan ta ƙara dagula lamarin.

Akwai asara ta biyu da ba a gani sai an taɓa. Ƙaramar kafasita tana tilasta wa wuta zagayawa da yawa a cikin kwayil. A misalin mita 160 ɗin nan, da kwayil mai nagarta 200 (lambar da ke nuna ƙarancin asararsa), wanda ba laifi, kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinka a kwayil zai ƙare ya zama zafi. Sa pikofarad 500, asarar ta sauko kusan kashi 11, boltejin ya ragu rabi. Sa 1,000, ta koma kusan kashi 6. Wanda ke sauraronka a Jamus ko Birazil da ƙyar zai ji bambancin kashi 20, don desibel ɗaya ne. Amma wat 20 na zafi a cikin rufaffen akwati a watan Afrilu abu ne da za ka ji a tafin hannu, kuma a wat 1,000 wat 200 ne, wanda ya isa ya narkar da robar da ke riƙe da kwayil. Allurar SWR kuwa, mai nuna ko eriya ta daidaita da rediyo, tana kwance tana nuna maka komai lafiya lau.

Shi ya sa nake ganin ga mai wat 100, yawan pikofarad ya fi yawan kilobolt amfani. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kafasitocin nan uku: mai faranti, ta kwalba da ta tangaran.

Ta farko ita ce mai faranti, wadda iska ce kawai tsakanin farantanta na alminiyam. Ita kowa ya sani, don duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyo ya gan ta. Ƙarfinta a gibin faranti yake. A littafi, busasshiyar iska tana jure kusan bolt 3,000 a kowace milimita, amma faranti yana da kaifin baki da ƙuraje, saboda haka alƙaluman da ake aiki da su sun yi ƙasa da haka: gibin milimita 0.75 kusan bolt 1,500, na milimita 1.8 kusan 3,000, na milimita 3.2 kusan 4,500. Ba sai ka yi ƙiyasi da ido ba. Ka ari ma'aunin gibin fulogi wurin bakanike, ka rufe kafasitar, ka zura a wurare da dama. Gibi mafi ƙanƙanta shi ne gibinta na gaskiya, don nan wuta za ta yi tsalle.

Cikas ɗinta shi ne duk lokacin da ka ninka gibin, pikofarad ya ragu rabi, sai ka ninka yawan faranti ko faɗinsu kafin ka dawo inda kake. Mai pikofarad 500 da za ta jure bolt 4,500 doguwa ce sosai, ta kusa cika akwati ita kaɗai. Kuma yadda take girma haka mafi ƙarancin pikofarad ɗinta ke ƙaruwa, abin da zai dame ka a zangon masu yawan megahaz. Eriya mai om 2,500 tana son pikofarad 64 a megahaz 7 idan tsarin L ne mai kwayil ɗaya da kafasita ɗaya, 32 a megahaz 14, sai 16 kacal a megahaz 28. Babbar kafasitar da ko an buɗe ta duka ba ta sauka ƙasa da 30 ba, ga wayoyin cikin akwati su ma suna ƙara nasu, ta rufe maka mita 10 ke nan.

Amma alherinta yana da yawa. Rabin juyi ya kai ka daga farko zuwa ƙarshe. Idan ta yi tartsatsi sau ɗaya ba ta mutu ba, ka goge tabon da takardar yashi mai laushi ka ci gaba. Faranti ya lanƙwashe, ka miƙe shi da hannu. Babu wani abu a jikinta da mai gyaran rediyo a babbar kasuwa ba zai iya duba maka ba. Wurin da ya kamata ka sa ido shi ne ɗan ƙarfen da ke gogar sandar juyawa, domin duk amfiyar ta nan take bi, kuma idan ya yi datti ko ya saki, shi ne zai fara zafi. A tsarin T kuma jikin kafasitar gaba ɗaya yana ɗauke da wuta, dole a ɗaga ta daga jikin akwati a kan tangaran ko roba mai kauri, a kuma raba sandar da maɓallin hannu da abin da ba ya ɗaukar wuta. Ƙunar wutar rediyo a yatsa ƙarama ce a ido, amma tana shiga ciki tana daɗewa.

Na tsofaffin rediyoyin sauraro fa? Kowane sashe nasu kusan pikofarad 365 ne, masu sashe biyu ko uku idan aka haɗa su sukan kai 700 zuwa sama da 1,000. Gibinsu siriri ne ƙwarai, 'yan ɗaruruwan bolt kawai suke jurewa. A tsarin T da wat 100 za su ba ka kunya. A inda bolteji ke ƙasa kuwa suna da amfani sosai, zan zo kan wannan. Ƙananan nan na roba da ke cikin rediyon hannu, a bar su ga mai wat 5.

Ta biyu ita ce ta kwalba, wadda aka zuƙe iskar cikinta. Zobban jan ƙarfe ne ke shiga cikin juna a cikin gilashi ko tangaran. Da yake babu iskar da wuta za ta bi, gibi kaɗan yana jure dubban bolt, sai ka ga abu mai girman gwangwanin madara yana tafiya daga pikofarad 10 zuwa 500 ko 1,000, a bolt 5,000 ko 10,000. Babu ƙarfen goga a cikinta, tana ɗaukar gomman amfiya. Kamfanin Jennings na Amurka da Comet na Siwizalan su ne sanannu, sai na tsohuwar Tarayyar Sobiyet masu lamba KP1, waɗanda su suka fi yawo a hannun 'yan sha'awa saboda sauƙinsu. Ta kowane ma'aunin lantarki ita ce gaba, kuma ƙura ba ta da hanyar shiga cikinta, abin da mu nan muka fi kowa sanin darajarsa.

Sai dai a yi hattara da lambar da ke jikinta. Sau da yawa boltejin gwaji ne aka rubuta, kuma ƙa'idar da Jennings ke bi ita ce boltejin aiki kashi 60 ne na wancan. Mai lamba 5,000, a ɗauke ta a 3,000. Na biyu, yawancin waɗanda ake sayarwa tsofaffin kaya ne da suka yi shekaru a ajiye. Idan iska ta ɗan shiga, za ta auna pikofarad daidai a mita amma ta yi tartsatsi da zarar ka ba ta wuta, kuma ba a gane haka sai da na'urar gwajin babban bolteji. Da dala za ka saya, ta ƙetaro teku, ta biyo mota daga Legas ko Abuja, gilashi ne, ba a gyara ta. Na uku, juyinta ashirin ne ko fiye daga wannan baki zuwa wancan, dole ka nemi abin ƙidayar juyi, kuma idan ka matsa mata bayan ta kai ƙarshe ka lalata ta. Mai sauya zango sau da yawa a dare ɗaya zai gaji da ita.

A ganina wuri uku ne kuɗinta ke halatta: mai amfilifaya, wanda ya dage sai ya yi mita 160 da gajeriyar eriya, da mai ƙaramar eriyar zobe. Wannan ta ƙarshen tana jan hankalin mai ƙaramin gida don zoben bai wuce faɗin mita ɗaya ba, amma a wat 100 boltejin da ke kan kafasitarta yakan kai dubu uku zuwa biyar, ga amfiya mai yawa. Nan kam ko ta kwalba, ko mai faranti irin wadda aka raba biyu don wuta kada ta bi ta ƙarfen goga.

Ta uku ita ce ƙayyadaddiya, ta tangaran ko ta maika, wadda ba ta juyawa, sai dai a jera da yawa a riƙa zaɓa da makunni ko rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa. Yawancin madaidaitan da ke daidaita kansu haka suke. Ƙaramin allon nan ATU-100 da ake samu a intanet yana da guda bakwai: 10, 22, 47, 100, 220, 470 da 1,000, jimla kusan pikofarad 1,870, a tsarin L. Kuma a tsarin L ne lissafin ke sauyawa gaba ɗaya. Kwayil ɗaya ne a jere, kafasita ɗaya ta sauka ƙasa. Mu koma kan eriyar nan mai om 10 a megahaz 3.5. Kafasitar tana ɓangaren rediyo, tana bukatar kusan pikofarad 1,800, amma boltejin da ke kanta ƙololuwa 100 ne kawai, inda tsarin T ya kai 800. A mita 160 tana son kusan 3,500, bolteji dai 100. Ga inda tsohuwar kafasitar rediyon sauraro mai sashe uku, da ƴan ƙayyadaddu a gefenta, ke yin aikin da babbar mai faɗin gibi ta kasa. Idan wayar gajeriya ce sosai kwayil zai ƙara girma, asararsa ma ta ƙaru, amma har yanzu ba a ƙara masa nauyin da ba dole ba.

Abin da ke kashe ƙayyadaddiya shi ne amfiya. A wannan misali kusan amfiya 2.8 ke ratsa ta. Idan irin tangaran ɗin da ake kira C0G ko NP0 ne, ko maika mai azurfa, zafin da za ta tara bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ba, kuma ƙimarta ba ta motsi da zafi. Idan X7R ne ko Y5V, zai iya kai wat 5 a cikin abu mai girman ƙwayar gyaɗa, ƙimar kuma ta riƙa gudu tana ɗumama. Shuɗayen faifan nan da ake cirowa daga tsohuwar talabijin ko caja, masu rubutun 2kV, galibi wannan rukunin ne. Lambar tana da ban sha'awa, amma za ka ga SWR ta fara daidai sannan ta riƙa hawa kana cikin magana. Mafita ita ce a sayi irin da ya dace, a kuma haɗa ƙanana uku ko huɗu gefe da gefe su raba nauyin. Don manyan ƙarfi akwai dunƙulallun tangaran masu ƙusar ɗauri, irin K15U na Rasha.

A kula da FT8, hanyar aika saƙon dijital ta kwamfuta. Tun fitowarta a 2017 ta zama hanyar da mai ƙaramar eriya ke kai wa nesa, amma tana riƙe cikakken ƙarfi kusan daƙiƙa 13 a kowane zagaye, ba kamar murya mai hawa da sauka ba. Boltejin bai ƙaru ba, zafi ne ya ƙaru. Shi ya sa masu ƙera madaidaitan rile suke rubuta lamba biyu, ta dijital ɗin takan kasance kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ta murya. Mai faranti da ta kwalba wannan bai cika damunsu ba, kwayil ne da rile da ƙananan tangaran ke shan wahala.

Duk waɗannan alƙaluma an auna su ne a ɗaki mai sanyi da tsabta. Iskar da ta kai digiri 45 ta fi ta digiri 20 sirantaka da kusan kashi 8 cikin ɗari, juriyarta ga tartsatsi ma haka take raguwa. Wannan mai sauƙi ne. Babbar damuwa hazo ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana kwanciya a kan faranti da kan tangaran da ke riƙe da su, tana rage gibi. Damina ta zo, ƙurar ta sha raɓa ta zama hanyar wuta. Ga zanzaro da ke son gina ɗakinsa a irin wannan lungu, ga tsaka, ga gizo-gizo. Mai faranti a nan tana son akwati mai murfi, ramukan shan iska a rufe su da raga, a kuma hure ta a goge kafin damina ta sauka. Ni dai ina ganin a ninka duk boltejin da lissafi ya bayar sau biyu kafin a zaɓi gibi.

Akwai kuma abin da busasshiyar iska mai ƙura ke yi wa doguwar waya: tana loda mata wutar tsaye ko rediyo a kashe yake. A tsarin T kafasitar fita ta datse hanyar zuwa ƙasa, wutar sai ta taru har ta yi tsalle, ka ji ƙas-ƙas a cikin akwati. Mai faranti za ta jure, ƙaramar tangaran na iya hujewa. Rezista mai kusan om miliyan ɗaya daga bakin eriya zuwa ƙasa tana zubar da ita. A haɗa guda huɗu ko biyar a jere su kai wannan jimla, don guda ɗaya ba ta jure bolt 700. Wannan ba maganin tsawa ba ne. Hadari ya taso, a cire eriya gaba ɗaya.

To wanne za ka ɗauka? Idan wat 100 gare ka, kana aiki daga mita 40 zuwa mita 10 da waya mai tsawon mita 20 ko kusa, madaidaicin T mai pikofarad 250 da gibin da bai gaza milimita 0.75 ba ya ishe ka, kada ka ɓata kuɗi. Idan kana son mita 80 da wayar da ba ta kai ba, ko dai ka nemi T mai 500, ko, abin da na fi so, ka haɗa L da hannunka: mai faranti ɗaya ta pikofarad 250 zuwa 500 mai gibin milimita ɗaya ko fiye, makunni mai ƙara ƙayyadaddun C0G ko maika na 470 da 1,000 da 2,000, da wani makunnin mai mayar da kafasitar ɓangaren rediyo ko na eriya. Ƙayyadaddun manyan nan a ɓangaren rediyo za su fi aiki, inda bolteji ke ƙasa. Mai dogaro da sola da batir, wanda rediyonsa ke jan kusan amfiya 20 duk lokacin da ya danna, shi ya fi cin ribar wannan tsari, don L ba shi da saiti mai ɓarna da za a faɗa cikinsa bisa kuskure: wuri ɗaya yake daidaita. Idan kuma dijital ka fi yi, madaidaicin rile ya yi, muddin ka tsaya a wat 25 zuwa 30 ka kuma ajiye shi a inuwa.

Wanda ya riga ya mallaki T, yana iya rage rabin matsalarsa ba tare da sayen komai ba. T yana daidaita eriya ɗaya a saiti da yawa, allura ta kwanta a dukkansu, amma ba ɗaya suke ba. Ka fara da kafasitar fita a rufe gaba ɗaya, ka nemi daidaito da kwayil da kafasitar shiga, a wat 5 ko 10. Idan ya ƙi, ka rufe ta shigar duka ka nema da ta fita. Sai dukansu sun ƙi sannan ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Saitin da ya fi yawan pikofarad da ƙarancin kwayil shi ne mafi ƙarancin bolteji da zafi. Ka rubuta lambobinsa na kowane zango a takarda ka manna a murfin akwatin, kuma kada ka juya makunnin kwayil rediyo na watsawa.